Me ake nufi da "B-Western" a finafinan kaboyi?

B-Western shi ne sunan da masu harkar fim a Amurka suke kiran ƙananan finafinan kaboyi da aka yi da kuɗi kaɗan, daga shekarun 1930 zuwa tsakiyar shekarun 1950. Harafin B ya samo asali ne daga gidajen sinima. Da tattalin arziki ya karye bayan 1929, masu sinima suka koma nuna fim biyu a kan tikiti ɗaya don jawo 'yan kallo. Babban fim shi ne A, ɗan rakiyarsa kuma B, wanda da ƙyar yake wuce awa ɗaya.

Kamfanoni irin su Republic, da aka kafa a 1935, da Monogram da PRC (Producers Releasing Corporation) ne suka riƙe wannan sana'a. Sukan gama ɗaukar fim cikin mako guda ko ɗan fiye, a duwatsun Lone Pine ko gandun Iverson da ke Kalifoniya. Dutsen da ka gani a wannan fim, shi za ka sake gani a na gaba.

Ni a ganina, rashin kuɗin nan shi ya fito da gwanintarsu. Babu halin dogon surutu, dole labari ya tafi a kan doki. Dubi yadda ake ɗaukar tsere: motar kyamara tana gudu kafaɗa da kafaɗa da mahayi, ƙura na tashi, mutum ya diro daga sirdi ya faɗa kan keken doki yana tsaka da gudu. Jikin mutum ne na gaske, babu kwamfuta. Yakima Canutt, gwanin irin wannan kasada, shi da jarumi John Wayne suka gyara salon dambe a gaban kyamara: a kai naushi ya wuce ta gaban haɓa, a ajiye kyamara inda mai kallo zai rantse ya sauka. Har gobe da wannan dabara ake aiki.

Yaƙin Duniya na Biyu ya taɓa su. Gene Autry, kaboyi mawaƙi, ya shiga sojan sama a 1942, sai Republic ta ɗaga Roy Rogers da dokinsa Trigger suka cike gurbin. A wasu labaran ma ɓarayin shanu suka koma 'yan leƙen asiri masu zagon ƙasa. Yaron da mahaifinsa ke fagen daga yakan samu awa guda ranar Asabar inda mugu ba ya cin nasara, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Suna da aibu, ba a ɓoye shi. Sau da yawa an nuna 'yan asalin ƙasar Amurka kamar ba mutane ba, kuma dawakai sun sha wuya wajen kayar da su da waya kafin a hana. Talabijin ce ta kashe kasuwar a shekarun 1950, bayan jarumi William Boyd ya sayi haƙƙin finafinan da ya fito a matsayin kaboyi Hopalong Cassidy ya kai su can yara suna kallo a gida kyauta.