Takin Gida da Takin Zamani a Gonar Wake

Mun taso muna jin ana cewa wake ba ya son taki. Gaskiya ne?

Rabin gaskiya ce. Wake yana da baiwar da masara ba ta da ita. A saiwarsa akwai ƙananan ƙulle-ƙulle inda wasu ƙwayoyin halitta ke zaune, suna jawo naitrojin daga iska suna ciyar da shi. Shi ya sa bai damu da yuriya ba. Wanda ya zuba masa ita da yawa zai ga gona shar, ganye ya rufe kunya, amma ranar tsinka sai ya tarar harawa ya noma. Abin da wake ke yunwa shi ne fosfarus, wato sinadarin da ke cikin supa, kuma ƙasar jigawa ta arewacin Najeriya da kudancin Nijar tana da ƙarancinsa ƙwarai. Idan babu shi, saiwa ba ta bazuwa, ƙulle-ƙullen ma ba sa aiki. In kana so ka gani da idonka, tumɓuke tushe guda bayan wata ɗaya da shuka, ka fasa ƙulli. In cikinsa ja-ja ne, yana aiki.

To in supa ce magani, me zai sa in wahala da ɗaukar kashin dabbobi?

Saboda rairayi ba ya riƙe abin da aka ba shi. Ruwa ya sauka da ƙarfi, sai ya wanke wani abu daga takin zamani zuwa inda saiwa ba ta kaiwa, ƙasa kuma ta bushe cikin kwana biyu. Takin gida ne ke sa ƙasa ta riƙe danshi, ta yi laushi, ya kuma kawo ƙananan sinadaran da babu su a buhu. Amma shi kaɗai yana da nawa, a hankali yake sakin abincinsa, kuma wane manomi ne ke da garken da zai wadatar da hekta guda? Takin zamani yana ciyar da shukar bana, takin gida yana gyara gonar da za ka koma wa baɗi. Manoman karkarar Kano da ke kai taki gona a mangala tun da rani sun daɗe da sanin haka, shi ya sa gonakinsu ke ɗaukar noma shekara da shekaru ba hutu. Abin takaici ne a ga matashi ya raina wannan aikin don ya samu kuɗin buhu.

Nawa zan sa?

Shawarar da masana irin na IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, ke bayarwa ita ce kamar buhu 2 na kamfa 15-15-15 da buhu 2 na supa a hekta, kowane buhu kilo 50. Ɗan naitrojin ɗin da ke cikin kamfa yana tallafar tsiro kafin ƙulle-ƙulle su fara aiki. In gonar ta sha takin gida sosai, musamman kashin kaji mai ƙarfi, rage kamfa ka bar supa.

Idan kuɗi bai kai ba fa?

Sayi supa tukuna. Kuma kada ka watsa ta ko'ina. A Nijar, masu bincike na ICRISAT, cibiyar binciken noma a yankuna masu ƙarancin ruwan sama, da ke Sadore sun yaɗa dabarar sa ɗan taki kaɗan, kamar cikin murfin kwalba, a gindin kowane rami. Kashin awaki da tumaki ma haka za ka yi da shi, a layin shuka.

Yaushe ake sa kowanne?

Takin gida kafin huɗa, mako 2 zuwa 3 kafin shuka, a juya shi cikin ƙasa. Sharaɗi shi ne ya ruɓe. Ɗanyen kashi yana ƙona tsiro, yana jawo gara, yana kuma shigo da irin ciyawa. Supa da kamfa kuwa ranar shuka ko cikin makon farko, a binne su ɗan nesa da iri don kada su taɓa shi.

Taki zai kori wuta-wuta?

Zai rage mata ƙarfi, domin ta fi cin wake a gajiyayyar gona, amma ba zai kawar da ita ba. Nemi iri mai jure mata cikin jerin ire-iren wake masu suna SAMPEA na cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru, Zariya, ka kuma tuge ta kafin ta yi fure.