Man wiwi da ciwon gwiwar tsofaffinmu a Makka da Jidda

'Ya'yan da ke Kanada ko Amurka kan yi wa iyaye tayin man wiwi, wai yana maganin ciwon gwiwa da rashin barci. Ga abin da ya kamata a sani kafin a amsa.

Da gaske wiwi na magani?

A 'yan wurare kaɗan. Sinadarai biyu ake nufi: THC mai bugarwa, da CBD wanda ba ya bugarwa. Amurka ta amince da dronabinol, wato THC da aka harhaɗa, tun 1985 don tashin zuciyar masu jinyar kansa, sai Epidiolex, maganin CBD, a 2018 don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani. Ciwon gwiwar tsufa kuwa, hujjar da ake da ita ba ta da ƙarfi.

Me ya sa ya fi cutar da dattijo?

Hantarsa ba ta sarrafa magani da sauri kamar da, THC kuma yana laɓewa a kitse ya daɗe. Yana saukar da jini idan mutum ya miƙe, sai jiri. Tsoho ya tashi alwalar asuba ko ya ɗago daga sujada, ya zame a kan tayil, ƙugu ya karye. Da yawa ba sa sake tafiya yadda suke.

Wanda aka sha ta baki yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu kafin ya fara aiki. Nan ake kuskure: Hajiya ta ga shiru, ta ƙara, sai duka ya taso lokaci guda da ruɗewa da bugun zuciya. Mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, yana cikin babban haɗari, domin CBD na hana hanta fitar da shi, jini ya tsinke, dasashi ya riƙa zuba. Haɗa shi da ƙwayar barci ma ba kyau.

Doka fa?

Haramun ne a Saudiyya, har da man CBD, kuma takardar likitan Kanada ba ta ceton kowa a filin jirgin Jidda. Kada a ba alhaji ko ɗan Umra saƙonsa, kada a turo ta gidan waya.

To yaya za a yi da gwiwar Baba?

A kai shi likita da duk magungunan da yake sha a leda ɗaya. Ana farawa da man diclofenac na shafawa da farasitamol, amma kada farasitamol ɗin ya wuce giram 3 a rana. Ibuprofen na kullum yana ɓata ƙoda da ciki. Likitan gashin ƙashi zai koya masa motsa cinya, ɗawafi kuma a yi shi a keke.