Asusun Lamunin Karatu na Najeriya (NELFUND)

Asusun Lamunin Karatu na Najeriya, wanda aka fi sani da NELFUND, hukuma ce ta gwamnatin tarayya da ke bai wa ɗaliban manyan makarantun gwamnati rance marar ruwa, domin biyan kuɗin makaranta da ɗan abin kashewa. Ofishinta yana Abuja, kuma Akintunde Sawyerr ne manajan daraktanta na farko.

Ba wannan ne karon farko ba. A 1972 gwamnatin Yakubu Gowon ta kafa hukumar lamunin ɗalibai, a 1993 kuma aka yi dokar Bankin Ilimi. Hukumar ta durƙushe ne musamman saboda yawancin waɗanda suka ci bashin ba su biya ba, bankin kuwa bai je ko'ina ba.

Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar farko a watan Yunin 2023, makonni biyu bayan cire tallafin man fetur. A shekarar ce jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista, wasu ninkin-ba-ninkin. Sai dai sharuɗɗan sun yi tsauri. Wanda kuɗin shigar gidansu ya kai naira 500,000 a shekara ba ya ciki, kuma dole ɗalibi ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa, irin su ma'aikacin gwamnati mai mataki na 12 ko lauyan da ya shekara goma yana aiki. Ɗan manomi daga ƙauye ina zai samo su? An soke dokar, aka sa hannu a sabuwa ranar 3 ga Afrilu 2024, wadda ta cire waɗannan sharuɗɗa biyu. Dokar ta 2024 ta tanadi cewa kuɗin asusun zai riƙa fitowa daga kashi ɗaya cikin ɗari na harajin da hukumar tara haraji ta tarayya ke karɓa.

An buɗe shafin neman rancen a intanet ranar 24 ga Mayu 2024, aka fara da makarantun tarayya kafin na jihohi. Ɗalibi zai shigar da lambarsa ta JAMB (hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu), da NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa), da BVN (lambar tantancewa ta banki), da lambar rajistarsa ta makaranta. Amma idan makarantar ba ta riga ta tura bayanansa ba, shafin ba zai gane shi ba, kuma a nan ne yawancin jinkirin yake. Kuɗin makaranta ba ya bi ta hannun ɗalibi, asusun makarantar ake tura wa kai tsaye. Abin da ke shiga nasa asusun shi ne naira 20,000 duk wata. Inda kuɗin ya iso bayan ɗalibi ya riga ya biya da kansa don kada a rufe rajista, sai ya koma zarya a ofishin kuɗi yana neman a mayar masa, lamarin da ya jawo ƙorafe-ƙorafe a 2025.

Rashin kuɗin ruwa ya sauƙaƙa karɓuwarsa ga masu gudun riba, kuma Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Bayero ta Kano suna cikin waɗanda ɗalibansu suka fi nema. Ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta soki tsarin, tana ganin tallafi ya kamata a bayar, ba bashi ba.

Biya yana farawa shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, inda wurin aiki zai riƙa cire kashi goma cikin ɗari na albashi yana turawa. Karɓa daga mai albashi da sauƙi. Mai shago ko tela da ba ya cikin kundin albashin kowa, shi ne zai riƙa kai nasa da kansa.