Yadda ake furta harɗaɗɗun sunayen Holanci

Me ya sa kalmomin Holanci suke da tsawo haka?

Saboda mutanen Holan da na arewacin Beljiyam suna manne sunaye su rubuta su a haɗe. Mu mukan ce "ƙofar gida", abin da ake magana a kai ya zo a farko. Su kuwa a ƙarshe suke ajiye shi: huis gida ne, deur ƙofa, sai a samu huisdeur. Kalmar ƙarshe ce ke yanke jinsi, amma ta farko ake dannawa da murya: HUIS-deur, VOET-bal.

A ina ake yanka gaɓa?

Nan ne mai koyo ya fi tuntuɓe, kuma nan na fi so a natsu. Gaɓa ba ta tsallake mahaɗar kalmomi biyu. Ɗauki hand, wato hannu. Holanci na mayar da d ta ƙarshen gaɓa t, don haka "hant" za ka ji. A jam'i, handen, d ta koma gaɓa ta biyu, ta dawo da sautinta: han-den. Amma a handarbeid, aikin hannu, ko da wasali na biye da ita, d ta tsaya a gidanta: hant-ar-beit.

Wani lokaci ma ma'ana ce ke juyawa. Massagebed, in ka yanka massage-bed, gadon tausa ne. In ka yanka massa-gebed, addu'ar taron jama'a ce, kuma g ɗin ta koma can maƙogwaro. Harufa ɗaya, furuci biyu. Wanda bai san ƙananan kalmomin ba, ba yadda zai gane mahaɗar.

Yaya Bahaushe zai yi da cunkoson baƙaƙe?

Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu, shi ya sa muka mayar da bread da brush na Turanci burodi da buroshi. Holanci kuwa na da angstschreeuw, ihun tsoro: baƙaƙe 8 a jere, gaɓa 2 kacal. Ka furta angst, ka ɗan dakata, ka furta schreeuw, sannan ka riƙa matso da su har su haɗu. Ka daure kada harshe ya cusa "u" ko "i" a tsakani.

Wannan s ko en da ake gani a mahaɗar wasu kalmomi fa?

Maɗauri ne, kusan kamar -n ɗinmu a "gidan sauro": dorp da straat suka ba da dorpsstraat, titin ƙauye. Gyaran rubutu na 1995 ya mayar da pannekoek, wato fanke, pannenkoek, amma yawancin mutane ba sa furta n ɗin.

Sautuka na shafar juna a mahaɗa?

Ƙwarai. A zakdoek, hankici, d na jan k ta zama g, sai ka ji "zagduk". In kuma wasula suka yi karo, ana saka karan ɗori: auto-ongeluk, haɗarin mota.