Wai An Mayar Da Laburare "Dijital"

Tun da aka raba wa ma'aikatan wani laburare a nan Jos tablet da na'urar haska bakod, ba a jin komai a rediyo sai "laburaren dijital". Har wani mai gabatar da shiri ya ce littattafan duk sun shiga kwamfuta, ɗalibi zai karanta daga ɗakinsa. Ina! Suna nan a kan kanta, da ƙurarsu.

Kalmar "dijital" ta samo asali daga Latin, digitus, wato yatsa, abin da ake ƙirga da shi. Dijital dai aiki ne da lambobi. Waɗancan layuka baƙi da fari da ake mannawa a bangon littafi, wato bakod, lamba ce kawai, an zana ta yadda na'ura za ta gane. Babu sunan littafi a cikinta, babu na marubuci, balle shafi. Ma'aikaciya ta haska katin mai aro, ta haska littafi, manhaja irin Koha ta haɗa lambobin biyu ta sa ranar dawowa. Abin da ake yi da biro da babban rajista ke nan, sai dai yanzu ba sai an yi ta kokawa da rubutun hannun wani ba. Fasahar bakod ɗin ma ba sabuwa ba ce: tun 1974 aka fara haska ta a wani kanti a jihar Ohio ta Amurka, a jikin ƙunshin cingam.

Sai wani ya ce, "To ai littafi da bakod ɗinsa yake fitowa, me ya sa ake manna wani?" Na bayan littafin ISBN ne, wato lambar shaidar littafi ta duniya, lambobi 13 tun 2007. Na gida Najeriya yakan fara da 978-978, kuma Babban Laburaren Ƙasa ne ke bayar da shi. Amma idan laburare yana da kwafi goma na littafi ɗaya, duk goman lambarsu ɗaya. Wanne aka ara? Wanne ruwa ya jiƙa? Wanne ya tafi Bukuru shekara biyu bai dawo ba? ISBN ba zai faɗa maka ba. Dole kowane kwafi ya samu lambarsa shi kaɗai, kuma mutum ne zai zauna ya shigar da bayaninsa ɗaya bayan ɗaya. Wannan wahalar ce ba a faɗa a wajen yanke kirtani.

Ban raina tablet ɗin ba. Ana iya zagayawa da shi tsakanin kantoci a ƙirga littattafai, kuma ko an ɗauke wuta batirinsa yana ɗan riƙewa. Amma mayar da littafi dijital shi ne a ɗauki hotonsa shafi bayan shafi, bayan an warware batun haƙƙin mallaka. A laburaren nan har yanzu sai ka hau keke ka je, ka miƙa katinka.