Chop, garin iyaka a yammacin Yukren

Chop, wanda ake furtawa Cop, ƙaramin gari ne a lardin Zakarpattiya da ke ƙarshen yammacin Yukren, kusa da wurin da iyakokin Yukren da Hungari da Sulobakiya suka haɗu. Mutanen Hungari suna rubuta sunansa Csap. Mazaunansa ba su kai 10,000 ba, amma tasharsa ta jirgin ƙasa tana cikin manyan ƙofofin da ke haɗa Yukren da tsakiyar Turai, kuma galibin waɗanda suka san sunan garin a kan tikiti ko hatimin fasfo suka fara ganinsa.

Wuri da yanayin ƙasa

Garin yana kan shimfiɗaɗɗen fili tsakanin kogin Tisa a kudu da kogin Latoritsa a arewa, kimanin kilomita 22 daga Uzhhorod, hedikwatar lardin. A ɗaya gaɓar Tisa akwai garin Zahony na Hungari, daga yamma kuma Cierna nad Tisou na Sulobakiya. A Chop ne babbar hanyar mota ta M06 da ta taso daga Kiyef take ƙarewa, bayan ta ratsa tsaunukan Karpat a tafiyar da ta haura kilomita 800.

Tarihi

Ana danganta farkon ambaton Chop a rubuce da ƙarshen ƙarni na 13, wasu suna cewa shekarar 1281. Ya shafe ɗaruruwan shekaru yana ƙauyen manoma a ƙarƙashin Masarautar Hungari, har zuwa wajajen 1872 da layin dogo ya iso, daga nan ne kuma ya soma zama mahaɗar hanyoyin da ke zuwa Uzhhorod da Mukachebo da cikin Hungari.

Ƙarni na 20 ne ya yi ta juya garin daga hannu zuwa hannu. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya da rushewar daular Ostiriya da Hungari, yarjejeniyar Trianon ta 1920 ta sanya shi cikin sabuwar ƙasar Cekosulobakiya. A watan Nuwamban 1938 hukuncin da Jamus da Italiya suka yanke a Biyenna ya mayar da shi ga Hungari. A ƙarshen 1944 sojojin Tarayyar Sobiyet suka ƙwace shi bayan an gwabza faɗa a kewayen tashar, sannan a 1945 Cekosulobakiya ta miƙa yankin Zakarpattiya ga Tarayyar Sobiyet. Abin lura a nan shi ne, a tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu Chop yana ɓangaren Sulobakiya na ƙasar Cekosulobakiya ne, ba ya cikin yankin da aka yi yarjejeniyar miƙawa tun farko, sai da aka gyara layin iyaka domin mahaɗar dogon ta faɗa hannun Mosko. Mutumin da aka haifa a garin a 1910 ya kuma rayu har 1991, lokacin da Yukren ta sami 'yancin kai, ya zauna a ƙasashe biyar ba tare da ya sauya gida ba.

An ba Chop matsayin birni a 1957. A zamanin Sobiyet nan ne jiragen ƙasa da ke tasowa daga Mosko zuwa Budapest da Biyenna da Belgired suke tsayawa a binciki fasinjoji da kayansu. Daga ƙarshen watan Yuli zuwa 1 ga Agustan 1968, shugaban Tarayyar Sobiyet Leonid Brezhnev da shugaban jam'iyyar kwaminis ta Cekosulobakiya Alexander Dubcek sun yi zaman tattaunawa a Cierna nad Tisou, 'yan kilomitoci kaɗan daga Chop, makonni uku kafin sojojin Ƙawancen Waso, ƙawancen soja da Tarayyar Sobiyet ke jagoranta, su mamaye Cekosulobakiya.

Tashar jirgi da faɗin layin dogo

Dalilin da ya sa garin ke da muhimmanci fiye da girmansa yana cikin tazarar da ke tsakanin ƙarafunan dogo guda biyu. Layukan da Yukren ta gada daga Tarayyar Sobiyet faɗinsu milimita 1,520 ne, na Hungari da Sulobakiya da mafi yawan Turai kuwa milimita 1,435. Saboda wannan bambanci na milimita 85, taragon da ya taso daga Kiyef ba zai iya wucewa kai tsaye ba. Ana shigar da shi wani fili na musamman a ɗaga shi sama da manyan jak-jak, a zare ƙafafun da ke ƙarƙashinsa a sa masa waɗanda suka dace da ɗaya layin, sau da yawa fasinjoji suna zaune a ciki. Kayan dakon kuma, musamman tama da hatsi, ana sauke su daga wani tarago zuwa wani a nan ko a tsallaken iyaka.

An soma rage wannan wahala. Tun watan Disambar 2018 jirgi yana tafiya tsakanin Budapest da Mukachebo a kan layi mai faɗin Turai ta cikin Chop, kuma a watan Satumbar 2025 aka buɗe sabon layi irinsa daga Chop zuwa Uzhhorod da tallafin Tarayyar Turai.

Jama'a da harshe

A ƙidayar 2001 'yan ƙabilar Yukren da 'yan ƙabilar Hungari sun yi kusan kunnen doki, kowane ɓangare wajen kashi 40 cikin 100, sai 'yan Rasha da wasu ƙananan ƙabilu. Ana jin harsunan biyu a kasuwa da majami'u. Wasu mazauna suna lissafin lokaci da agogon tsakiyar Turai, wanda ke bayan na Kiyef da awa ɗaya, shi ya sa baƙo yakan tambaya da wane agogo aka sa masa lokaci. Matsayin harshen Hungari a makarantun lardin ya jawo saɓani tsakanin Kiyef da Budapest tun dokar ilimi ta 2017, wadda aka sassauta a ƙarshen 2023.

Bayan 2022

Da Rasha ta ƙaddamar da mamaya a ranar 24 ga Fabrairun 2022 aka rufe sararin samaniyar Yukren ga jiragen fasinja, sai tashar Chop ta cika da masu gudun hijira da ke jiran ƙaramin jirgin da ke haye gadar Tisa zuwa Zahony. A cikinsu akwai ɗaliban Afirka, har da 'yan Najeriya da ke karatu a jami'o'in Yukren, waɗanda daga baya aka kwaso wasunsu daga Budapest zuwa Abuja. Dokar yaƙi ta hana mafi yawan maza masu shekarun aikin soja fita daga ƙasar, kuma masu tsaron iyaka sun sha ba da rahoton waɗanda suka nutse a Tisa suna ƙoƙarin hayewa a ɓoye.

Ziyara

Mai zuwa daga Hungari yana shigowa ta jirgin ƙasa daga Zahony, ko ta mota a kan gadar Tisa, inda layin manyan motoci kan yi tsawo. Abubuwan kallo ba su da yawa: ginin tashar da manyan zanen bangonsa na zamanin Sobiyet, da wasu majami'u, da gaɓar kogi, wadda ba a kusantarta sai da izinin masu tsaron iyaka. Ƙauyen Solomonobo da ke maƙwabtaka shi ne mafi kusa da ƙarshen yammacin ƙasar, a can kuma ake harhaɗa motocin Škoda. Mafi yawan matafiya ba sa kwana a Chop, sukan zarce Uzhhorod ko Mukachebo.