Raunin inji da matsalar wuta a tsohuwar Land Rover ta soja

Raunin inji da matsalar wuta su ne cutuka biyu da suka fi kama tsofaffin motocin Land Rover masu shan fetur, irin waɗanda sojoji da 'yan sanda suka yi aiki da su kafin a yi gwanjonsu. Alamun sun haɗa da ƙin tashi da safe, tari da harbi ta salansa, mutuwa idan inji ya yi zafi, da kasa jan hawa. A Jos ana yawan ɗora laifin a kan kafireta, alhali sau da yawa ɓarnar tana cikin distiributa, na'urar da ke raba wuta ga filogi.

Tarihin motar da injinta

An fara nuna Land Rover a baje kolin motoci na Amsterdam a 1948. Samfurin Series II ya fito a 1958, Series IIA a 1961, sannan Series III a 1971, wanda aka ci gaba da ƙerawa har 1985. Injin da aka fi sani a cikinsu shi ne mai silinda huɗu, mai girman lita 2.25. Ƙarfinsa bai wuce doki 70 da 'yan kai ba, amma an gina shi ya jure mai marar kyau da hanya marar kwalta, kuma bakanike mai sifana da sukudireba yana iya kwance shi a gindin bishiya.

Rundunar sojan Birtaniya ta sayi irin nata, ciki har da ƙaramar nan mai sauƙin nauyi da ta fara aiki wajen 1968, wadda aka tsara don a ɗauke ta da jirgin sama. Wasu motocin sojan an yi su ne don ɗaukar rediyon sadarwa. Waɗannan suna amfani da wuta bolt 24 a maimakon 12, kuma an lulluɓe wayoyin filoginsu da distiributarsu da garkuwar ƙarfe don kada tartsatsi ya dami rediyo. Da yawansu suna da tanki biyu a ƙarƙashin kujeru, da makunnin sauya tanki. A wajen 1967 kamfanin ya sauya abu biyu da har yau suke rikita masu gyara: kafireta ta koma Zenith daga Solex, kuma aka daina haɗa kan batir mai alamar tarawa da jikin mota, aka koma mai alamar ragewa. Idan aka ɗaura koyil, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin wutar batir, a juye saboda rashin sanin wannan, mota za ta tashi, amma da tartsatsi mai rauni.

A Filato motar ta samu gida tun zamanin haƙar kuza, lokacin da hanyoyin Bukuru da Barikin Ladi suke buƙatar mota mai jan ƙafa huɗu. Kasancewar barikin Rukuba, hedikwatar Runduna ta 3 ta sojan ƙasa, ya sa garin ya daɗe da sabawa da motocin soja da masu gyaransu.

Tsayin Jos

Jos tana kan tsayin mita 1,200 da ɗoriya daga matakin teku. Injin da ba shi da na'urar cusa iska yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300, don haka lafiyayyen inji ma yana rasa sama da kashi 10 a nan. Motar da aka saita a Abuja, idan ta biyo ta Akwanga ta kama Hawan Kibo, za ta nemi a sauko da giya, kuma wannan ba ciwo ba ne. Ƙarancin iska yana kuma sa mai ya yi wa cakuɗin yawa, filogi ya yi baƙi. Ya kamata mai gyara ya cire wannan kason kafin ya yanke hukunci cewa inji ya gaji.

Ɓangaren wuta

Wuta tana fitowa daga batir zuwa koyil. A cikin distiributa, wadda yawanci ƙirar Lucas ce, akwai kwantak da ke buɗewa da rufewa. Duk buɗewa ɗaya koyil tana harba wuta mai ƙarfi, rota ta raba ta ga filogi bisa jerin 1-3-4-2. Tazarar bakin kwantak ita ce milimita 0.35 zuwa 0.40. Ƙafar kwantak tana cinyewa sannu a hankali, bakin ya tsuke, taimin, wato lokacin fitar tartsatsi, ya ja baya, mota ta yi nauyi ba tare da direba ya san ranar da abin ya fara ba. Wannan shi ne abin da ya fi kowane yawa, kuma gyaransa bai kai minti 15 ba.

Gwajin farko shi ne a zare babbar wayar koyil daga murfin distiributa, a kusanta ta da jikin inji da abin riƙo mai roba, a buga kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙara alama ce ta lafiya. Ja ko rawaya mai rauni yana nuni ga kwandensa (ɗan abin da ke kare bakin kwantak daga ƙonewa), ko koyil, ko wayar jiki da ta yi tsatsa. Kwandensa da koyil suna da hali ɗaya mai ɓatar da hankali: mota ta tashi lafiya da sanyin safiya, ta yi tafiyar rabin awa, ta fara tari ta mutu, bayan ta huce ta sake tashi kamar ba ita ba. Bakin kwantak da ya ƙone ya yi rami shi ne shaidar kwandensa.

A ƙasan kwantak akwai ƙarafa biyu masu sifirin da ke tura taimin gaba idan inji ya ɗau gudu, a gefe kuma akwai gwangwanin da iskar kafireta ke ja. Idan ƙarafan suka cije saboda shekaru ba a ɗiga musu mai ba, inji zai yi sulo daidai a tsaye, amma ya ƙi amsa totur a kan hawa. A kama rota a murɗa ta kaɗan: in ba ta motsa ta dawo da kanta ba, nan ciwon yake. Abin takaici ne yawan kafiretocin asali da aka jefar saboda wannan ɗan ƙarfe. Murfin distiributa mai tsaga kuma yakan ɓuya duk rani, sai damina ta tona shi.

Mai bolt 24 tana da akwatin da ke rage wuta kafin ta isa koyil. Wanda ya tsallake shi ya ɗaura koyil ta kasuwa kai tsaye zai ƙona kwantak da koyil ɗin tare. Filoginta ma na musamman ne mai ɗaurin zare, kuma samunsa yana da wuya, shi ya sa ake mayar da irin waɗannan motoci bolt 12.

Mai, iska da matsi

Famfon mai na jikin inji ne, da kofin gilashi a ƙasansa inda ruwa da tsatsar tanki suke kwanciya a gan su da ido. Makunnin sauya tanki idan ya tsufa yana shan iska, mota ta ji yunwar mai a kan gudu. Zenith tana da lahanin da aka sani: jikinta yana lanƙwasa, zoben robar cikinta ya saki, mai ya yi ambaliya. Matatar iska mai kwanon baƙin mai tana cika da laka a lokacin hunturu.

Tazarar bawul milimita 0.25 ce. An ƙera injin don fetur mai dalma, wanda aka daina sayarwa a Najeriya a farkon shekarun 2000, saboda haka mazaunin bawul na salansa yana iya lotsawa, tazarar ta rufe. Idan awon matsi ya nuna silinda biyu maƙwabta sun faɗi tare, gasket ɗin kan inji ne ya ƙone.

Saɓani da halin yanzu

Wasu masu motar suna cire kwantak su sa na'urar lantarki marar gogayya. Wasu sun ƙi, domin kwantak ana gyara shi a daji. Akwai kuma masu sauya injin gaba ɗaya da na dizal na Japan.

Motocin da suka rage a Jos yawanci janwe ne ko motocin gona. Ana neman kayansu a Dilimi da Farin Gada, a Abuja kuma a Apo.